Abin da Bai Shiga Littafin Majalisa Ba

Ni ce mai rubuta abin da aka faɗa.
Shekara goma sha tara ina kusurwar zauren majalisar Port Alder,
kusa da na'urar ɗumama ɗaki mai tari kamar tsoho,
ina mayar da hayaniyar mutane layi-layi.

Daren Talata ruwa ya tsuge.
Zaure ya cika har bakin ƙofa,
rigunan ruwa na ɗiga a kan katako,
ƙarnin teku ya gauraya da ƙamshin kofi.
Batu na bakwai a takarda:
kada a sake ba sojoji hayar shagon nan
da ke tsakanin gidan wanki da kantin takalma,
kada su ƙara kafa tebur a harabar sakandare.

Odessa Varga ta miƙe da sandarta.
Ba ta ja zance ba.
Ta ce sunaye goma sha ɗaya ne a dutsen bakin tashar jiragen ruwa,
huɗu daga ciki ita ta koya musu karatu,
ɗaya ma igiyar takalmi sai da ta nuna masa ɗaurinta.
Ta zauna.
Na rubuta: Kansila Varga ta goyi baya.

Sajan Ortega ya roƙi minti uku.
Yaro ne ɗanye,
karin gugar wandonsa ya isa yanka burodi.
Ya ce shi bai taɓa jan kowa da igiya ba,
ƙofa kawai yake buɗewa.
Hannunsa na hagu na cikin aljihu.
Na san dalili,
na taɓa ganin yadda yake fama da murfin kwalba a kanti.
Na rubuta: Wani baƙo ya yi bayani.

Harlan Quist kaɗai ya ƙi.
Ya ce tun da aka rufe masana'antar katako
me muka miƙa wa yaran nan?
Kwali mai hoton kurciya?
Kurciya ba ta biyan kuɗin makaranta.
Aka yi masa ca.
Na rubuta: An sami saɓanin ra'ayi.

Huɗu da ɗaya.
Tafi ya girgiza gilashin taga,
wata tsohuwa ta jiƙa min kafaɗa da hawaye.
Ni ma na ji sanyi, ba zan ɓoye ba,
yayana ne na shida a dutsen nan.

Sha ɗaya saura na isa gida.
Fitilar kicin a kunne,
Wendell ya wanke kwanoni tas,
shi da sai an kai ruwa rana yake taɓa cokali.
Gabana ya faɗi tun kafin ya buɗe baki.
Ya ce, Mama, motar Redmill na tashi shida da rabi.
Can ma akwai ofishinsu.

Mil arba'in.
Ikon majalisarmu a gadar kogi ya ƙare.
Mun toshe rijiya, mun yi shewa,
ba mu tambayi ƙishirwa inda za ta kwana ba.

Na so in yi masa jawabin Odessa,
sai na tarar ban riƙe komai ba
sai layin nan guda da na rubuta.
Na yanka masa burodi, na sa cuku,
na naɗe da jaridar jiya.
Hannuna bai yi rawa ba, aikinsa ke nan.

Laraba, ƙarfe tara, na buga takarda.
An zartar.
Na danna hatimi, na sa kwanan wata.
Ta taga ina hango shagon,
Sajan yana ɓare hotuna daga gilashi da hannu ɗaya,
gam ɗin ya ƙi fita.
An ce mai gyaran kekuna ne zai karɓi wurin.

A ƙasan shafi akwai fili ɗan kaɗan
da aka bari domin sauran batutuwa.
Na daɗe ina kallonsa.
Na rubuta: Babu.